Toka da Itacen Kowace Safiya

Karatu: Littafin Firistoci 6:8-13, 1 Korintiyawa 14:26-33, 39-40



A cikin dokokin da Allah ya ba Musa game da bagade akwai wata wadda ba kasafai ake wa'azi a kanta ba. Hadayar ƙonawa takan kwana a kan bagade tana ci har gari ya waye. Da safe firist zai sa tufafinsa na lilin, ya kwashe tokar da ta taru, ya ajiye ta a gefen bagaden. Sa'an nan ya tuɓe waɗannan tufafi ya sa waɗansu, ya ɗauki tokar ya kai ta bayan zango, ya zubar a wuri mai tsabta. Ya jera itace, ya shirya hadaya a kai. Gobe ma haka, jibi ma haka. Abin da aka yi ta nanata masa a cikin waɗannan 'yan ayoyi shi ne kada ya bari wutar ta mutu.

Idan muka ci gaba zuwa sura ta 9 za mu iske ranar da Haruna ya fara hidimarsa ta firist. Ɗaukakar Ubangiji ta bayyana, wuta ta fito daga gabansa ta cinye hadayar, jama'a suka yi sowa suka fāɗi rubda ciki. Wa zai ƙi a ce yana wurin a wannan rana? Amma ba a gaya mana wutar ta riƙa fitowa haka kowace safiya ba. Abin da aka umarta a yi kowace safiya shi ne kwasar toka da jera itace, tun yawancin mutanen zango ba su fito daga alfarwansu ba, babu sowa, babu mai kallo. Wutar kyautar Allah ce. Itacen kuwa sai an je an saro, an ɗauko, an tara.

Wannan zancen itace bai ƙare a jeji ba. Bayan Yahudawa sun komo daga bauta a Babila, sa'ad da suka ɗaure alkawari a zamanin Nehemiya, har ƙuri'a suka jefa don a san gidan da zai kawo itacen bagade da lokacin da zai kawo a kowace shekara. Nehemiya kansa, mutumin da ya gina garun Urushalima cikin kwana 52, da ya zo rufe littafinsa, a aya ta ƙarshe, tanadin itacen nan yana cikin abubuwan da ya ambata kafin ya roƙi Allah ya tuna da shi. Ga mai gina garu yana lissafa itace a cikin manyan ayyukansa. Ya san cewa birni yana iya samun garu da ƙofofi, amma in bagade ya huce domin ba wanda ya san ranar da ta faɗo kansa, aikin bai cika ba.

Da yawa daga cikinmu muna ɗaukar tsari a sujada kamar abokin gāban Ruhu Mai Tsarki. In an ce a kiyaye lokaci, sai wani ya ce ana ɗaure Ruhu. In an ce a shirya wa'azi tun ranar Talata, sai wani ya ce ai Ruhu zai ba da magana. Ina so mu tsaya a kan wannan tunani da safen nan, domin akwai ikkilisiyar da ta gwada shi sosai, an kuma rubuta mana abin da ya faru da ita.

Korinti birnin 'yan kasuwa ne da matuƙan jirgin ruwa a ƙasar Girka, yana zaune a bakin wata siririyar ƙasa tsakanin teku biyu, da tashar jiragen ruwa a kowane gefe. Romawa sun rushe shi a shekara ta 146 kafin haihuwar Almasihu, Yuliyus Kaisar ya sa aka sāke gina shi a ta 44. Bulus ya isa can wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Almasihu, ya zauna shekara ɗaya da wata shida, yana sana'ar ɗinkin tanti tare da Akila da matarsa Bilkisu, yana wa'azi. Ikkilisiyar da ta tsiro a wurin ba ta rasa wuta ba ko kaɗan. Bulus da kansa ya shaida tun a farkon wasiƙarsa cewa ba su rasa wata baiwa ba. Akwai masu harsuna, akwai masu annabci, akwai masu koyarwa. Duk da haka, da labarinsu ya iske shi a Afisa, ya gaya musu a fili cewa taruwarsu ta fi jawo musu hasara a kan riba. Wutar da ke dafa tuwo a cikin murhu, ita ce dai wutar da ke cinye rumbu in iskar hunturu ta fitar da ita daga tsakanin duwatsu. Mutanen Korinti sun sami wuta, murhu ne babu.

Mu dubi abin da Bulus ya shimfiɗa musu a sura ta 14, domin magana ce dalla-dalla, har da ƙidaya. Masu magana da harsuna su zama biyu, in sun yi yawa uku, ɗaya bayan ɗaya, a kuma sami mai fassarawa. In babu mai fassarawa, mutum ya yi shiru a cikin taro, ya yi maganarsa tsakaninsa da Allah. Masu annabci ma biyu ko uku, sauran su auna abin da aka faɗa. In wani da yake zaune ya sami wahayi, wanda yake tsaye ya dakata ya ba shi wuri. Manzon bai hana baiwar kowa ba. A ƙarshen surar ma ya gargaɗe su kada su hana magana da harsuna. Abin da ya hana shi ne mutum ya mai da taron Ubangiji filin nuna kansa.

Akwai hujjar da ake yawan kawowa: "Ruhu ne ya sauko mini, ban iya tsayawa ba." Bulus bai karɓi wannan ba. Ya ce mai annabci yana da iko a kan abin da yake bakinsa, yana iya jira, yana iya yin shiru. Mu da muka san bori a ƙasarmu ya kamata mu fi kowa gane nauyin wannan magana. A bori iska takan hau mutum, ta kā da shi, ta yi magana da bakinsa, in ya farfaɗo bai san abin da ya faɗa ba. Ruhun Allah ba haka yake bi da 'ya'yansa ba. Ba ya ƙwace wa mutum hankalinsa, gyara shi yake yi. Shi ya sa a wasiƙar Galatiyawa kamunkai yana cikin 'ya'yan da Ruhu yake haifarwa. Wanda ya cika da Ruhu har ya kasa zama don ɗan'uwansa ya yi magana, ya kamata ya sāke tambayar kansa ko da me ya cika.

To, don wa aka yi duk wannan tsari? A nan ne zuciyar maganar take. Bulus yana ta waiwayen mutumin da ba a lura da shi. Yana tunanin sabon mai bi da yake zaune a baya, wanda bai gane abin da ake faɗa ba, balle ya ce Amin. Yana tunanin baƙon da ya leƙo daga titi, wanda in ya ga kowa na magana gaba ɗaya zai ce mutanen nan sun haukace, ya juya ya tafi. Saboda irin waɗannan ne ya ce shi, a cikin taro, ya gwammace 'yan kalmomi 5 da za a fahimta a kan 10,000 da ba wanda zai ƙaru da su. A sura ta 11 kuma, wajen Jibin Ubangiji, ya ga masu hali suna fara cin abincinsu tun ba a taru ba, wani har ya bugu, wani kuwa yana zaune da yunwa. A cikin ikkilisiyar nan akwai bayi, bawa kuwa ba shi yake da lokacinsa ba. Maganin da Bulus ya bayar ba wani abu mai wuya ba ne: su jira juna. Ba banza ba ne babbar surar nan ta ƙauna, sura ta 13, ta faɗo daidai tsakanin zancen baye-baye da zancen tsari. Inda babu ƙa'ida, mai ƙarfin murya da mai kuɗi su ne ke cin taro. Ƙa'ida ita ce ke ajiye wa marar ƙarfi wurin zama.

Yanzu bari mu shigo majami'unmu. An sa sujada ƙarfe tara. Tsohuwa ta taso tun da sanyin safiya, ta yi tattaki daga unguwa mai nisa, ta zauna a benci tana jira. Ƙarfe goma saura ake fara waƙar buɗewa, domin mai jagora bai iso ba, ko ana ta fama da janareta da makirufo waɗanda da an gwada su tun daren Asabar da ba a sha wannan wahala ba. Ƙungiyar mawaƙa ta yi waƙa, zumuntar mata ta yi, matasa sun yi, kowace ƙungiya ta ƙara ɗaya a kan abin da aka ba ta. Sanarwa ta ci rabin sa'a. Wani babban mutum ya shigo a makare, aka tsai da kome don a yi masa maraba a kai shi kujerar gaba, abin da Yakubu ya tsawata a kai a sura ta 2 ta wasiƙarsa. Aka yi baiko, aka yi na biyu, aka yi na gini. Sa'ad da fasto ya hau bagade ya buɗe Littafi Mai Tsarki, rana ta take, yara suna kuka, mai goyo ta fita waje, tsohuwar nan tana gyangyaɗi. Ba wanda ya yi niyyar mugunta a cikin duk waɗannan. Amma an ƙwace wa tsohuwar abin da ta yi tattaki dominsa, wato ta ji Maganar Allah da sauran ƙarfi a jikinta. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin waɗanda rashin tsari ya fi cuta su ne waɗanda ba za su taɓa tashi a taron dattawa su yi ƙara ba.

Ko zancen baiko ma Bulus bai bar shi ga motsin zuciya na nan take ba. A sura ta 16 ya ce kowa ya riƙa keɓe wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, don kada sai ya iso a tashi ana ta tara kuɗi. Da mun bi wannan da aminci, da an rage yawan kiran mutane gaba ana shelar abin da kowa ya bayar, ana kunyata wanda ba shi da shi. Haka nan addu'ar kwana da ake ɗaura wa lasifika a kan rufi har asuba, alhali a maƙwabta akwai marar lafiya da jariri da ɗalibi mai jarrabawa. Allah yana jin raɗa. Maƙwabcin da aka hana barci kuwa da wuya ya saurari bisharar da za mu kai masa da rana.

Sai dai tsarin ranar Lahadi ba ya tsayawa da ƙafarsa in babu na ranar Litinin. Dubi Daniyel. An kai shi Babila yana saurayi, ya yi fiye da shekara 60 a baƙuwar ƙasa, ba Haikali, ba bagade, ba firist. A zamanin Dariyus yana ɗaya daga cikin manya uku da ke bisa hakimai 120, wato ba mutum ne mai zaman banza ba. Da maƙiyansa suka sa aka kafa dokar hana roƙon kowa sai sarki har kwana 30, Daniyel bai ƙirƙiro wani sabon abu don nuna jaruntaka ba. Ya shiga ɗakinsa na bene mai tagogi a buɗe wajen Urushalima, ya durƙusa sau uku a rana, kamar dai yadda ya saba. Maƙiyan sun san sa'ar da za su same shi domin sa'ar ba ta taɓa canjawa ba. Ƙarfin halin da muke yabo a ramin zakoki an daɗe ana tara shi a ranakun da ba abin da ya faru, ranakun da wataƙila addu'ar ba ta yi masa daɗi ba, amma ya durƙusa. Wanda yake jiran sai ya ji marmarin addu'a kafin ya yi, ranar tsanani za ta same shi bai san hanyar ɗakin ba.

Ubangijinmu ma haka ya yi zamansa. Luka ya ce shiga majami'a ran Asabar al'adarsa ce. Markus ya nuna mana shi a Kafarnahum, bayan yinin da ya ƙare da dukan gari a bakin ƙofa da marasa lafiyarsu, ya tashi tun da sauran duhu ya tafi wurin da ba kowa don addu'a. Da zai ciyar da mutum 5,000, sai da ya sa aka zaunar da su ƙungiya ƙungiya, ɗari ɗari da hamsin hamsin, kafin ya sa albarka ya gutsuttsura gurasar. Duk wanda ya taɓa ganin rabon abinci a taron da ba a zaunar da mutane ba ya san wanda yake komawa gida hannu wofi: yaro, da tsoho, da mace mai ciki. A wannan rana kowa ya ci ya ƙoshi, har aka tattara ragowar kwando 12.

Akwai wani abu kuma da yake ƙarfafa ni duk lokacin da na lura da shi. Sau da yawa abubuwan ban mamaki na Allah sukan iske mutane ne a bakin aikinsu na kullum. Tun zamanin Dawuda aka raba firistoci kashi 24, kowane kashi da lokacin hidimarsa. Bayan kusan shekara 1,000, wani tsohon firist mai suna Zakariya, na kashin Abiya, ya zo Urushalima domin lokacin kashinsu ya kewayo. Ƙuri'a ta faɗo kansa ya shiga ya ƙona turare, a can ne mala'ika Jibra'ilu ya tsaya a dama da bagaden turare ya yi masa albishir da haihuwar Yohanna. Bitrus da Yohanna suna tafiya Haikali ne a lokacin addu'ar ƙarfe uku na yamma suka tarar da gurgun nan a Kyakkyawar Ƙofa. Karniliyus yana addu'a a wannan sa'a ce mala'ika ya zo masa a Kaisariya. Kashegari Bitrus ya hau kan soro da tsakar rana don addu'a a Yafa, ya ga wahayin da ya buɗe wa al'ummai ƙofar bishara, ƙofar da mu ma muka shigo ta cikinta. Ba ɗayansu da ya san abin da zai faru a ranar. Lokacin addu'a ne ya yi, suka tafi.

Masu bi na farko sun riƙe wannan da hannu biyu, a zamanin da taruwa kanta tana iya jawo kisa. Wajen shekara ta 112 wani gwamnan Roma mai suna Filini, wanda ke mulkin Bitiniya a ƙasar Turkiyya ta yau, ya rubuta wa Sarki Tarajan abin da ya gano da ya tuhumi Kirista. Suna da ranar da suka tsayar, sukan taru kafin gari ya waye, su yi waƙar yabo ga Almasihu, su ɗaure wa kansu alkawarin guje wa sata da zina da cin amana, sa'an nan su watse. Bayan shekara 40 da 'yan kai, Yustin, wanda daga baya aka kashe shi a Roma saboda bangaskiyarsa, ya bayyana yadda sujadar Lahadi take gudana: a karanta rubuce-rubucen manzanni ko na annabawa, shugaba ya yi gargaɗi, kowa ya miƙe a yi addu'a, a kawo gurasa da ruwan inabi, jama'a su amsa da Amin, masu hidima su kai wa waɗanda ba su sami zuwa ba rabonsu, abin da aka tara kuma a taimaki marayu da gwauraye da fursunoni da baƙi. Ka lura, ɗan'uwa, har wanda yake kwance a gida yana da gurbi a cikin tsarin. Ba a bar shi ga sa'ar ko wani zai tuna da shi ba.

Mu a nan ba ma bukatar tafiya nesa don mu ga abin da tsayayyen lokaci yake yi wa mutum. Maƙwabtanmu Musulmi suna tashi da kiran asuba, da sanyi da zafi, mai shago yakan bar shagonsa in lokacin salla ya yi. Ba gasa muke yi da kowa ba, ba kuma da yawan addu'a muke sayen ceto ba. Almasihu ya riga ya biya. Amma wanda aka yi wa alheri kyauta bai kamata ya zama shi ne ya fi kowa sakaci da Mai alherin ba. Iyayenmu a bangaskiya sun san wannan. A ƙauyuka da yawa akan buga ƙararrawa ko guntun ƙarfe da sassafe, mutane su taru a majami'a don addu'ar safe kafin a ɗauki fartanya. Da yawansu ba su yi makaranta mai zurfi ba, sun koyi karatu ne don su iya karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932. Mu da muke da shi har a cikin waya, sau da yawa saƙonnin WhatsApp ne ke cin farkon safiyarmu.

Dole kuma in faɗi ɗaya gefen, domin Littafi bai ɓoye shi ba. Tsari yana iya zama gawa. A sura ta fari ta Ishaya, Allah ya ce ya gaji da hadayu da bukukkuwan mutanen da ke kiyaye kowace ƙa'ida alhali hannuwansu cike suke da jini, ba su kuwa tsaya wa maraya da gwauruwa ba. Yesu ya tsawata wa Farisiyawa da ke fitar da zakka har daga ganyayen miya amma sun bar gaskiya da jinƙai da aminci. A Luka 13, wata mace da ta yi shekara 18 a tanƙware ta miƙe a tsakiyar majami'a, shugaban majami'ar kuwa ya husata domin an warkar da ita a ranar da ba ta cikin tsarinsa. Irin wannan mutum yana nan har yau. Shi ne dattijon da ya fi damuwa da ɗankwalin yarinyar da ta shigo a kan hawayen da ke idonta. Shi ne mai tsaron ƙofa da ke korar wanda ya makara ba tare da ya san daga asibiti yake ba. Akwai kuma majami'ar da tsarinta ya rufe bakin kowa sai na mutum ɗaya, alhali a Korinti Bulus ya ɗauka cewa in an taru, wannan yana da waƙa, wancan yana da koyarwa, wani kuma yana da wahayi. Ma'aunin da ya ba su guda ne, ko abin da ake yi yana gina jama'a. Duk ƙa'idar da ta daina gina mutane, ta koma kāre girman masu riƙe da ita, lokacin sāke dubanta ya yi. Amma maganin mataccen tsari ba yamutsi ba ne. Yesu bai ce wa Farisiyawa su daina zakka ba, ya ce su yi ta ba tare da sun bar manyan abubuwan ba.

Saboda haka, 'yar'uwa, ɗan'uwa, kada ka tashi daga wannan bimbini da alkawarin da ya fi ƙarfinka. Wanda bai saba da minti goma ba, in ya ce daga yau sa'a biyu zai yi, kafin mako ya ƙare zai bari, ya ƙara da jin laifi. Tsai da lokaci guda da wuri guda. In kai ma'aikacin dare ne, safiyarka tana iya zama la'asar, ba laifi. In ke mai goyo ce, lokacin da jariri ya yi barci ya isa. Ɗauki littafi guda, ko Markus ko Zabura, ka bi shi daga farko har ƙarshe maimakon buɗe duk inda hannu ya faɗa. Rubuta sunayen waɗanda ka ce za ka yi musu addu'a, domin "zan sa ka a addu'a" alkawari ne, muna kuwa karya shi fiye da yadda muke zato. Maigida ya tara iyalinsa ko da na ɗan lokaci ne kafin a watse, ya bar yara su ma su karanta aya. In ka fāɗi kwana biyu, kada ka jira sabuwar shekara, ka koma a rana ta uku. In kuma an ba ka hidima ranar Lahadi mai zuwa, ko karatu, ko jagora, ko shara, ko kaɗa ganga, fara shiri yau. Karanta nassin da ƙarfi a gida har sunayen da ke ciki su zauna a bakinka. In minti biyar aka ba ka, ka tsaya a biyar, domin na shidan na wani ne.

Mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka da ka tashe mu lafiya. Kai ne kake fito da rana a kan lokacinta, ba ka taɓa makara da jinƙanka ba. Ka gafarta mana inda muka sa 'yan'uwanmu jira, da inda muka cika taronka da muryarmu har marar ƙarfi ya rasa wuri. Ka ba fastocinmu da dattawanmu hikimar shirya sujada saboda tsofaffi da yara da baƙi. Ka tsare masu tsaron ƙofa da shugabannin ƙungiyoyi daga taurin zuciya. Ka tuna da waɗanda ba za su iya zuwa majami'a ba, marasa lafiya, da waɗanda ke kurkuku, da waɗanda tashin hankali ya kora daga garuruwansu, ka kuma tuna mana mu je inda suke. Wanda addu'a ta yi masa nauyi da safen nan, ka riƙe shi a gwiwoyinsa har ya sāke jin muryarka. Ka bi da mu a gona da kasuwa da makaranta da ofis a wannan yini. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.